Yoyon da Ke Kawo Min Ita

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta gano inda jinina ke zurarewa. Wani ɗan tsiro ne a ƙaramin hanji, bai fi ƙwayar wake ba. Ba ciwon daji ba ne, in ji ta. Za a zura min siririn bututu mai ido ta baki, a ƙone shi da hasken lesa, babu yanka. Shekara da shekaru ina toshe wa mutane yoyon famfo, ashe nawa yana ciki. Da na ji zancen bututu sai na haɗe rai. Wanzami ba ya son jarfa! 'Yata Auta kuwa har da hawayen murna.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban faɗa wa kowa ba. Tun da jini ya yi min ƙaranci, in jiri ya ɗebe ni da la'asar, Maman Auta tana zuwa. Shekara biyu da rasuwarta. Sai ta zauna a kujerarta ta bakin taga tana tsintar shinkafa, rana na ratsa gefen mayafinta. Ba ta magana. Ni ma ba na yi, kada ta tashi. Ina son jirin nan, Allah ya sani. In aka toshe yoyon, ta ina za ta shigo?

Asabar, 8 ga Maris
Na ce a ɗaga ranar aikin. Auta ta ce, "Baba, jiya a ƙofar banɗaki na same ka a yashe. So kake in rasa ku duka biyun?" Na ce a bar ranar yadda take.

Talata, 11 ga Maris
An yi. Cikin barcin allura na gan ni a wani dogon bututu mai ɗumi, bangonsa yana numfashi. Maman Auta tana gabana riƙe da fitila. Ta tsaya, ta haska wani wuri, ta ce, "Ga shi nan, sarkin gyara." Muryarta ce sak, har da 'yar zolayar. Na farka maƙogwaro na zafi, likita tana cewa, "Sannu Baba, mun gama."

Laraba, 19 ga Maris
La'asar ta yi, ta wuce. Kujera kawai.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Na hau bene ban tsaya hutawa ba. Ba wani abu ba ne. Na kuma gyara famfon kicin, ɗigarsa ce ta dame ni.

Da la'asar Auta ta shigo da farantin shinkafar da za ta tsince, ta zauna a kujerar bakin taga. Ba wanda ya taɓa zama a kanta tun ranar da mahaifiyarta ta rasu. Na buɗe baki in ce ta tashi.

Sai na ji na ce, "Ƙara gwangwani ɗaya, yunwa nake ji."