Ta Tsawo ko ta Faɗi

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan mijin nan nawa mai gudun wanka. Ya ciwon bayan? Ni dai alhamdu lillahi, ƙafar ta yi sauƙi.

Maigidanki ya kira ni, kada ki yi masa faɗa. Ya ce masu auna ruwan kogi sun aiko miki saƙo kan aikin da marigayi yayanki ya bar miki, laburaren nan nasa na kwamfuta da ko littafi ɗaya babu a ciki, mai ɗauko musu jerin lambobi daga fayil. Wai sabon injinsu ya sauya yadda yake jera lambobin, sai zurfin ruwa yake fitowa a gurbin zafinsa. Ya ce kin gano gyaran tuni, amma kin kasa goge layukan da yayanki ya rubuta. Su kuwa da lambobin nan suke gargaɗin mutanen bakin kogi, ga ruwa ya fara sauka.

Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na san shi. Wata rana ina girki yayanki ya jawo kiret ɗin ƙwai, ya zauna a ƙasa wai zai koya mini. Ya ce fayil kamar kiret ne, wani injin ta tsawo yake jerawa, wani ta faɗi, in ba ka duba yadda aka jera ba sai ka ɗauko na wani ka ce naka ne. Garin nuni ya fasa mini biyu. Da na yi masa tsiya, ya ce ai aikin nasu ya gaji haka, a fasa a gyara, kuma ranar da Auta ta goge masa layi, ranar zai yarda ta iya.

To ga ranar ta zo. Goge, 'yata. Don mutanen nan ya yi aikin, ba don a ajiye a riƙa kallo ba.

Ni ma tun rasuwarsa na hana kowa taɓa teburinsa. Jiya na yi kukana na ƙoshi, na share shi, na ɗora keken ɗinkina a kai. Tebur ne mai kyau, ba ya girgiɗi.

Idan kin gama ki zo ki nuna mini yadda sabon injin yake jerawa. Kiret ɗin yana nan, amma wannan karon dafaffu zan sa.

Ki gaida mutanen gidan. Allah ya yi miki albarka, shi kuma ya kai haske kabarinsa.

Taki har kullum,
Innarki