Filin da Ke Tsakaninmu da Dunsworth

Talata, 4 ga Maris

Kansila Hilary ta zo da hantsi, takalmanta duk taɓo. Ta tsaya a ƙofa tana goge su kamar lokacin da take aji uku a hannuna. Na san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Wani kamfani ya nemi izinin gina gidaje ɗari da arba'in a Filin Rafi, filin da nake kallo ta tagar ɗakin girki tun ranar da muka tare da matata, marigayiya Enid. Shi kaɗai ya raba ƙauyenmu Marlcote da Dunsworth. Ciyawa, rafi, gadar katako, sai tumaki.

Na ce ai akwai doka. Ta ce akwai, tsarin gunduma ya ce a bar fili tsakanin ƙauye da ƙauye don kada su haɗe. "Amma Mista Hathway, su cewa suka yi babu ƙauyuka biyu a nan. Fasto ɗaya, makaranta ɗaya, likita ɗaya, bas ɗaya. Wai mun daɗe da zama gari guda, ciyawa ce kawai ba ta sami labari ba."

Mu da Dunsworth! Sai da na nemi kujera.

Shayin da na haɗa mata ya huce ba ta sha ba. Na shanye abina.

Juma'a, 7 ga Maris

Ciwon gwiwa. Ruwa tun safe. Ban yi magana da kowa ba sai rediyo.

Alhamis, 13 ga Maris

Taro a zauren gari. Hilary ta aiko aka ɗauke ni a mota. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce gidaje dole ne, gwamnati ta ɗora wa gunduma adadi, kuma yaranmu suna barin gari don ba su da wurin zama. Abin da take nema shi ne a kai ginin tsohuwar masana'antar bulo da ta zama kango, a ƙyale filin. Wani ya yi ihu daga baya cewa ba ma son gida ko ɗaya. Ta ce, "To ina 'yarka za ta zauna, Derek? A garejinka?" Aka yi dariya, ya zauna.

Mutanen Dunsworth sun zo. Suka zauna ɓangaren hagu su kaɗai, da fulas ɗin shayinsu, kamar namu da guba.

Leonard Budgen yana cikinsu. Ya rame, wuya kamar na zakara, amma idon nan na nan. Rabona da yi masa magana tun 1964. A da, kowace shekara washegarin Kirsimeti ƙauyukan biyu kan yi jan igiya a kan rafi, wanda aka rinjaya ya yi wanka da ruwan sanyi. A shekarar nan ni ne a gaban igiyarmu, Enid tana kallo, lokacin ina nemanta. Leonard ne a ƙarshen tasu, bayan shinge, daidai inda taraktar ubansa take tsaye. Kowa a Marlcote ya san abin da aka ɗaura wa igiyar. Na faɗa ruwa har wuya. Daga ranar ba a sake wasan ba.

Ya kalle ni, na kalli bango.

Laraba, 19 ga Maris

Hilary kuma. Kwamitin tsare-tsare zai zauna ranar 16 ga Afrilu. Masu adawa minti uku kawai ake ba su, duk yawansu. Marlcote ta ce nata ne, Dunsworth ta ce nata ne, an kwana biyu ana ja. Ƙarshe aka yanke a raba biyu, kowane ƙauye ya ba da dattijonsa mafi tsufa da zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Na Marlcote ni ne. Na ce wa zai yi na Dunsworth. Ta sunkuyar da kai tana gyara jakarta. Leonard ke nan.

Na ce ba zan yi ba. Ta ce to, za ta nemi Derek. Derek, wanda ba ya iya kai jimla ƙarshe ba tare da ashar ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama ta san inda ake taɓa ni.

Asabar, 22 ga Maris

Na rubuta jawabina sau huɗu. Rubutun bai lalace ba. Na sa tsuntsayen da ke ƙwai a cikin ciyawa, da hanyar ƙafa, da yadda filin ke shanye ruwa idan rafi ya cika. Na karanta wa agogon bango, ya wuce lokaci. Na cire tsuntsaye. Na mayar da su.

Asabar, 29 ga Maris

Gwaji. Ni ba zan taka gidansa ba, shi ba zai taka nawa ba, saboda haka a motar Hilary muka yi, a gefen titi daidai kan iyaka. Ni a gaba, shi a baya da sandarsa tsakanin ƙafafu.

Farkon abin da ya ce: "A'a, Cyril. Ashe kana raye."

Na ce ina jiran in ji wa'azin da za a yi a kanka, don na san faston zai sha wahala.

Hilary ta ce ita ba makarantar reno ta buɗe ba. Ta ba kowa takardarsa. Ni in yi filin, shi ya yi titi da magudanar ruwa. Kada wanda ya katse wani. Kada a ambaci igiya. Ta sa muka yi alkawari kamar 'yan firamare.

Karatunsa kamar mai sanarwar jirgin ƙasa. Da na gama nawa ya ce, "Har yanzu malamin makaranta. Mutum ya tambaye ka lokaci sai ka ba shi tarihin agogo." Kuma duk biskit ɗin da ta kawo shi ya cinye.

Talata, 8 ga Afrilu

Ciwon ƙirji. Kwana biyu a kwance.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Likita ta zo, ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in manta da zuwa ko'ina. Na kwanta ina tunanin Derek a gaban kwamiti.

Da rana waya ta yi ƙara. Na ɗauka masu tallar inshora ne. Murya ta ce, "Labulenka bai buɗe ba tun Litinin." Na ce wa ke magana. "Wa kake tsammani? Kar ka kuskura ka mutu kafin Laraba, Cyril. Bayan Laraba ka yi yadda ka ga dama."

Leonard ne. Na ce me ya haɗa shi da labulena. Ya ce tagarsa ce ke kallon filin, laifinsa ne idan gidana ya tsaya masa a ido? Ya kashe.

Ban taɓa lura ana hango gidan nan daga can ba. Na tashi na buɗe labulen, don ɗakin yana buƙatar haske. Na ɗumama miyar gwangwani na shanye duka.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mun ci! Bari in rubuta tun kaina bai watsar da shi ba.

Na sa kwat ɗin da na sa ranar binne Enid, ya yi mini yawa yanzu. Hilary ta kai mu ofishin gunduma, ni da Leonard da kwalbar maganin tari. Zaure cike, Marlcote a dama, Dunsworth a hagu, ba wanda ya tsara hakan.

Wakilin kamfani ya fara. Yaro mai ladabi, kuma ba duk ƙarya ya faɗa ba. Ya yi maganar ma'aurata da ke zaune a ɗakin iyayensu, na ji abin a raina. Sai ya rufe da cewa Marlcote da Dunsworth al'umma ɗaya ce mai zuciya ɗaya, gidajensu za su ɗinke abin da ya riga ya haɗu. Na ji Leonard ya yi tsaki a gefena.

Aka kira mu. Teburi ɗaya, makirfo ɗaya. Shugabar kwamiti ta ce idan ƙararrawa ta buga, magana ta ƙare. Na fara lafiya, muryata ta fita fiye da yadda na zata. Na wuce tsuntsaye, na wuce hanyar ƙafa. Sai na ce, "Wannan fili na Marlcote..."

"Na wa?" in ji Leonard, a cikin makirfo.

Na ce na Marlcote, har bakin rafi da ɗan abin da ya haura. Ya ce tun kakan kakansa tumakin Dunsworth ke kiwo a wurin, Marlcote ba ta da ko ƙwayar ciyawa bayan gada. Na ce mutanen da ke ɗaura igiya a jikin tarakta ba su da bakin maganar iyaka. Wallahi fita ta yi da kanta. Ya miƙe: "Taraktar ba ta da mai ranar! Ƙarfi ne ba ku da shi, ku da kuke shan shayi kamar ruwan wanke kofi!" Wata tsohuwa daga hagu ta ce gaskiya ne. Dama ta ɗauka. Derek ya faɗi abin da ba zan rubuta ba. Shugaba tana buga teburi, ƙararrawa tana ƙara, ba mai ji.

Titi da magudanar ruwa ko kalma ɗaya ba a faɗa ba.

Na koma kujerata jikina a sanyaye. Na kasa kallon Hilary. Na ce shi ke nan, tsofaffi biyu sun sayar da fili saboda wankan rafi. Leonard ma yana ta juya hularsa.

Hilary ta yi nata jawabin a natse, ta kawo maganar masana'antar bulo da lambobinta. Sai aka buɗe muhawara. Wani kansila mai farin gemu, daga can arewacin gunduma, ya cire tabarau yana share hawayen dariya. Ya ce shi ya karanta takardun kamfani har ya fara yarda cewa gari ɗaya ne. "Amma shugaba, shekarata talatin a wannan aiki, ban taɓa ganin ƙauyuka biyu da suka kai waɗannan zama biyu ba. Idan muka cire filin nan daga tsakaninsu, sai mun gina ofishin 'yan sanda a wurin." Wata ta tambayi jami'in tsare-tsare ko dokar tazara tana nan da ƙarfinta, ya ce tana nan, muddin kowane ƙauye yana da kamanninsa. Ta ce to ai mun gani da idonmu.

Takwas suka ƙi ba kamfani izini, uku suka yarda.

Zaure ya ɗauki tafi, dama da hagu, kowa yana tafa wa nasa. A mota Hilary ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya har ta kasa tayar da injin. "Na ce kada a ambaci igiya!" Leonard daga baya ya ce shi ya ceci filin. Na ce ni na fara kawo maganar. Muka yi ta yi har gida.

Enid, da kin gani.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kek biyu a bakin ƙofa, da katin da mutum goma sha suka sa wa hannu. Mai kawo wasiƙu ya sara mini. Na tsaya a taga na daɗe. Tumaki suna ta kiwonsu, ba su san an yi shari'arsu ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Takardar bayanin Hilary ta wata-wata ta fito. Kamfani yana da damar ɗaukaka ƙara, amma tana ganin sun fi karkata ga masana'antar bulo, an fara magana. Gidaje tamanin, wasu na haya mai sauƙi. Na ji daɗi, har na yi mamakin kaina.

Kek ya ƙare. Waya ba ta yi ƙara ba tun Talata.

Laraba, 30 ga Afrilu

Jaridar gunduma ta buga hotonmu, bakina a buɗe. Sun yi hira da Leonard. Wai ya ce Dunsworth ta ci jan igiya sau tara a jere. Sau tara! Ƙarya tsirara, kuma a rubuce.

Lahadi, 4 ga Mayu

Rana ta fito sosai. Bayan coci na ɗauki sanda da jaridar, na bi hanyar ƙafa. Niyyata in duba gadar katako kawai, an ce wani allo ya saki. Allon lafiyarsa lau. Na huta a kanta har numfashi ya dawo. Da na duba, komawa da ƙarasawa kusan ɗaya ne, kuma ƙarya irin wannan ba a barin ta ta kwana.

Leonard yana tsaye a ƙofar lambunsa kafin in iso. "Tun daga gada nake kallonka. Kunkuru ya fi ka sauri." Ya riga ya fito da kujera ta biyu.

Na nuna masa jaridar. Ya sauko zuwa bakwai, na hau zuwa biyar, a nan muka tsaya. Shayinsa baƙi ƙirin, cokali zai iya tsayawa a ciki. Na sha kofi biyu don kada ya ce na ji tsoro. Matarsa Doreen ta rasu shekara shida ke nan, ban sani ba. Gidan shiru kamar nawa, sai dai agogonsa ya fi surutu.

'Yar maƙwabcinsa ta maido ni a mota. Ƙafafuna sun kumbura, gobe zan ji a jikina.

Ba ziyara na kai ba, gyara na je yi, kuma ba a gama ba. Ya ce Alhamis zai tsallako da hotuna ya rufe mini baki. Sai na sayo biskit. Mutumin ci gare shi.