Tukunyar Ruwan Inna Ta Iso Madadi Ba Famfo

Zuwa ga Manajan kantin kayan ƙarfe, reshen Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya hidimar kasuwa? Allah ya taimaka.

Sunana Isiyaku, malamin makaranta ne ni, mutumin Madadi a ƙasar Gwarzo. Yanzu ina Ingila wajen kwas ɗin koyarwa. Sau biyu na rubuto maka ta gidan waya ban ji amsa ba, shi ya sa na fito da maganar fili a jarida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ambaci sunan kantinku ba, don ba tozarci nake nema ba.

Na ɗaya, bari ka san wadda aka saya wa kayan. Mahaifiyata, Inna, ta yi ƙuruciyarta cikin raɓa, daga bin shanu sai tallar nono, da shi ta raine ni bayan rasuwar mahaifina. Yau sanyin ƙashi ya kama mata gwiwoyi, ba ta iya miƙewa da safe sai an gasa mata su da ruwan zafi. Mai ɗakina, Hauwa, ita ke hura wuta, ta dafa ruwan a tukunyar ƙasa, ta sauke, ta ratsa tsakar gida da shi yana tururi. A gidan da na sauka a nan kuwa, famfo kawai ake murɗawa ruwan zafi ya zubo. Ranar farko da ya taɓa hannuna kasa wankan na yi, na zauna ina tunanin su biyun.

Na biyu, ban saya da ka ba. Na zaga kantuna har na gaji. Ta lantarki ba ta yi mana ba, Madadi ba wuta. Ta iskar gas ma haka. Ta kananzir na tsoraci gobara, ɗakunanmu na ciyawa ne. A babban kantinku na nan aka nuna mini wata ta jan ƙarfe mai murhu a ƙasa, da bututun hayaƙi, da famfo a gefe, wadda kara da ɓawon gyaɗa ma sun ishe ta. Na ce wannan ce tamu. Aka ba ni takarda cewa reshenku na Kano zai kai ta har gida, ya kuma turo mai haɗawa. Takardar tana hannuna. Alkawari kaya ne, ranka ya daɗe.

Na uku, abin da ya iso. Bayan an fara awon gyaɗa, wata motarku da ta zo ɗaukar buhuna ta ajiye tukunyar a bakin kasuwar Gwarzo ta wuce. Kawu Sule, ƙanen Inna, shi ya ɗauko ta a jaki. Da aka kwance, ba famfo, ba bututu, sai rami a gefe. Takardar bayani kuma da Turanci. Mai haɗawa har yau ba a ga ƙeyarsa ba. Kawu ya hau mota zuwa Kano sau uku. Zuwa biyun farko aka ce masa motoci duk suna kan gyaɗa, ya dawo bayan kaka. A na uku akawunku ya dube shi a gaban mutane ya ce mutanen da ke wanka a rafi me za su yi da tukunyar Bature. Kawu dattijo ne mai furfura, gyaɗarsa kuma a ma'auninku take sauka kowace shekara. Ya sa takalmansa ya fito.

Ni duk ban san wannan ba. Wasiƙar da Inna ta sa liman ya rubuto mini da ajami cewa ta yi: tukunya ta iso, tana aiki, ƙafa ta yi sauƙi, in kwantar da hankalina in yi karatu. Na yi ta murna, har na nuna wa abokan karatuna. Ashe a ɗakinta ta sa aka ajiye ta, ta lulluɓe ta da zanenta na Sallah, kullum da safe ta goge ta. Duk baƙon da ya shigo sai ta yaye zanen ta ce ga abin da Isiyaku ya aiko daga bayan teku. Ba ta so in ji cewa wahalata ta tashi a banza.

Na huɗu, da tsakiyar sanyi, wata safiya tukunyar ƙasar ta suɓuce wa Hauwa, ruwan ya kwarare mata a ƙafar dama. A jaki aka kai ta ɗakin shan magani na Gwarzo, ta yi makonni ba ta taka ƙasa. Ita ta rubuto mini da hannunta, da ɗan bokon da ta koya a ajin manya. Layi uku ne kawai. Na ƙarshen ya ce, “Inna ta hana a faɗa maka, amma ni na faɗa, ka yafe mini.” Ban ɗora maka wannan ƙuna ba, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma tukunyar da aka saya don kada hakan ta faru tana cikin ɗaki a lulluɓe ranar da ta faru.

Wanda ya share mana hawaye maƙeri ne, Malam Garba na Gude, can wajen Kabo. Bai taɓa ganin irinta ba. Kawu ya ce yini guda ya yi yana zagaya ta, yana leƙa cikinta, bai taɓa guduma ba. Kashegari ya yanka garwar kananzir ya naɗe bututun hayaƙi, ya gina mata dakali da laka a gindin katanga, nesa da danni. Famfo ne ya gagare shi, don ba shi da abin yanka zaren ƙarfe da ake murɗa famfo a kansa. Sai ya sassaƙa toshiyar itace ya naɗe ta da tsumma. Da ita ake amfani yanzu. Inna tana samun ruwanta, har matan unguwa masu jego suna aiko da bokitai. Amma duk safiya Hauwa ce ke sa hannu ta zare toshiyar nan a gaban tafasasshen ruwa, ni kuma ina nan nesa, ba abin da zan iya sai addu'a.

Saboda haka ga roƙona. A aika da famfon zuwa Madadi cikin motar farko da za ta yi Gwarzo, a danƙa shi a hannun Kawu Sule, Malam Garba zai ɗaura. Akawun da ya yi maganar nan ya ba Kawu haƙuri. Ba na so a kore shi, shi ma yana da masu ci a hannunsa. A riƙa rubuta takardar bayani da Hausa, boko da ajami. In kuma ba ku da mai haɗawa da zai je ƙauye, ga Malam Garba nan, ku koya masa sauran, ku ba shi aikin.

Da aka gaya wa Inna zan rubuta wannan wasiƙa, ta aiko mini cewa kada in yi wa mutum faɗa a bainar jama'a, wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce in gaishe ka. Ta ce in hanya ta biyo da kai Madadi ka tsaya, akwai fura, akwai kuma ruwan alwala mai ɗumi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwarka, ya ba iyayenka masu jin ƙansu a tsufansu.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku, malamin makaranta, Madadi.