Littafin da Nake Ƙauna Ya Mutu a Hannuna

Assalamu alaikum, Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai ce na cika neman magana ba.

Ni malamar adabi ce a sakandare. Na daɗe ina koyarwa, har waɗanda na fara koya wa sun soma kawo nasu 'ya'yan. Akwai wani tsohon littafi da muke yi a ajin ƙarshe. Tun ina ƙarama kawuna yake karanta mana shi, yana sauya murya in ya zo kan kowane mutum. Saboda littafin nan na zama malama. Akwai inda wani dattijo ya koma garinsu bayan doguwar tafiya, ya tarar ba wanda ya gane shi. Duk shekara in na iso nan sai muryata ta karye, in juya ina goge allo don kada yara su gani.

Yaran yanzu kuwa, Anti, ba rashin kunya suke mini ba. Da shi ne ma da na san abin yi. Shiru suke, ido a kaina, hankali a wani wuri. Wannan na latsa waya a ƙarƙashin tebur, wancan ya kifa kai. In na ce akwai mai tambaya, tambayar ɗaya ce, ko zai fito a jarrabawa. Fankar ajin ma ta fi su motsi, ita da ba ta juyawa sai ta ga dama.

Makon jiya muka iso wurin dattijon nan a littafin. Na karanta har ƙarshe, na rufe littafin, sai na lura ban ji komai ba. Kamar takardar cikin kwalin magani na karanta. Na koma ɗakin malamai na ci gaba da duba aikin yara. A gida kuma babbar 'yata, da su ma shi suke yi a makarantarsu, ta ce in taƙaita mata labarin, wai ba ta da lokacin karantawa. Na taƙaita mata. Ko haushi ban ji ba.

Yanzu shugabar makaranta ta ce akwai gurbi a ofis, ba shiga aji, tana jiran amsata kafin hutu. Maigidana ya ce in karɓa in huta. Ni ban san ina so ko ba na so ba. Haka nake wuni, ba daɗi, ba ɓacin rai.

Daga Malamar Ajin Ƙarshe.

Wa alaikumus salam, Malama.

Ba son littafin ne ya bar ki ba, gajiya ce ta danne shi. Kin daɗe kina bayarwa ba a mayar miki. In wannan rashin jin komai ya kai ga abinci, barci da hira da iyali, ki ga likita, kada ki tsaya jin nauyi.

Amma mu yi wa yaran adalci. Ke da kunne kika fara sanin littafin, a bakin wanda kike ƙauna, ba jarrabawa a gabanki. Su kuwa da tsoron faɗuwa suka haɗu da shi. Kuma yaron da bai taɓa barin gida ba, ina zai san zafin a manta da mutum? Shirunsu ba ƙiyayya ba ne.

Ki daina ɗaukar karatun ke kaɗai. Raba musu mutanen labarin, kowa ya yi muryar nasa, ko da za su yi ta dariya. Tura su gida su tambayi manya labarin wani ɗan uwa da ya tafi ya daɗe, su zo su ba aji. Kada ki sa ran duka za su kamu. Ko mutum biyu suka ɗaga kai, kin ci riba.

Batun ofis kuwa, maigidanki na da gaskiya, kina bukatar hutu. Sai dai ba a yanke shawara babba lokacin da zuciya ta yi sanyi haka. Ki roƙi shugaba ta bar miki aji ɗaya, ki haɗa da aikin ofis na zango guda. In ya wuce kika ga ƙafarki na janki aji, kin sami amsa. In kuma ba ki yi kewarsa ba, ki koma ofis gaba ɗaya, ba wanda zai ce kin gaza.

Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da daɗin karatu.