Ku Tayar wa Baba da Injin Saƙa

Zuwa ga Shugaba da mambobin kwamitin kula da tsohuwar masaƙar bakin kogi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a garin Laurel, nan ƙasarku, tare da mahaifina. Da Hausa na rubuto, don da ita na iya kuka. Za a fassara muku.

Na ɗaya. Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙun Kaduna, har ƙarar injuna ta cinye masa kunne. Da aka rufe masaƙun sai unguwarmu ta mutu a tsaye, babu jiniyar canjin aiki, babu masu ƙosai a bakin get. Bayan rasuwar mahaifiyata na ɗauko shi. Tun da ya zo ƙasar nan, in ban da salla da "na ƙoshi", ba a jin bakinsa.

Wata Asabar na kai shi wurinku don ya sha iska, ya ga gidajen dutsen da ma'aikata suka zauna a ciki a da. Muka tarar ana tayar wa baƙi tsohon injin saƙa. Baba ya tuɓe takalmansa, ya taka daɓen katakon. Kunya ta kama ni, har na so in hana shi. Ashe haka suke yi a wurin aiki: wanda kunnensa ya tafi, da tafin ƙafa yake jin injin. Ranar a mota ya yi ta kiran sunayen abokan aikinsa, har da mai satar barci a bayan dilar auduga, yana dariya. Tun daga nan ba mu fasa Asabar ba.

Na biyu. Bayan ƙaramar Salla muka zo muka ga an kewaye injin da gilashi, an ajiye abin sawa a kunne mai ɗauke da ƙararsa. Wata baiwar Allah ta miƙa wa Baba da fara'arta. Shi kuwa kurma ne fa. Ya karɓa don kada ta ji kunya, ya sa, ya tsaya ba takalmi a kan katakon da ba ya motsi. Wallahi ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Na uku. An ce mini ƙarar na damun masu hayar zauren sama don biki, kuma injin ya tsufa. Na yarda ya tsufa. Amma garin nan ba da shiru aka gina shi ba, mutanen da suka kurmance a ɗakin nan ne suka gina shi. Namu masaƙun ciyawa ta cinye su, ko ƙusa ba a bari ba. Ku da Allah ya ba ku ikon adana taku, don me za ku rufe mata baki?

Roƙona kaɗan ne. Ku riƙa tayar da injin ko sau ɗaya a wata, da safe, kafin masu biki su iso. In hannu kuke nema na shara ko goge-goge, ga ni. In kuma ba zai yiwu ba, ku faɗa mini a fili, in san abin da zan gaya masa. Har yau, duk Asabar sai ya yi wanka ya sa hula, ya zauna kusa da ƙofa riƙe da makullin motata, ni kuwa ƙaryar da nake yi masa don kada mu zo ta ƙare.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku masu tausaya muku ranar da tsufa ya zo.

Wassalam.

Hajara, 'yar masaƙi,
Laurel