Safar Baba a Tagar Bene

Zuwa ga Mai Jar Lema,

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da nake so in tsaya a cikinta ko da babu rana! Gaisuwa mai yawa kamar ganyen bishiyar da ke bayan makarantarmu, da fatan kana lafiya, kai da lemarka da lasifikarka da duk baƙin da ke bin bayanka kamar 'yan tsaki.

Kafin komai, ka yi haƙuri da abin da ya faɗo maka a kan lema. Safa ce, kuma wankakkiya ce. Takardar da ka ciro daga cikinta ni na rubuta, ni da kake nuna wa mutane kullum da hantsi a tagar benen da ke saman shagon tela. Idan wasu daga cikin baƙinka sun gudu, ka ba su haƙuri a madadina. Ni ba dutse ba ce. Ina da rai, ina cin abinci, bana na gama firamare, kuma ba ni ce ta ƙarshe a aji ba.

Ka tuna ranar farko? Ni ba zan manta ba ko da an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu. Lokacin da kwamitin unguwa ya ba da sanarwar cewa za a riƙa kawo masu yawon buɗe ido su ga abubuwan ban sha'awa na unguwarmu, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Baba ya ce shi dai tun da aka haife shi a nan bai ga abin kallo ba sai layin masu sayen maganin ciwon kai. Sai ga bas ɗin mahaifinka ta tsaya a shataletale, ka sauko ka buɗe jar lema, kai da aji ɗaya kacal ka fi ni, ka sa lasifika a baki kamar da ita aka haife ka. A ranar ne na san ashe a tsakiyar abubuwan al'ajabi nake zaune ban sani ba.

Ka nuna musu agogon shataletale da ya tsaya tun kafin a yaye ni, ka ce shi kaɗai ne agogon da ya gaji da gaggawa. Ka kai su famfon bakin layi wanda bai taɓa kawo ruwa ba, suka yi layi suna murɗa shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya murɗa sai ya juyo a ɗauke shi hoto. Ka haye da su gadar da aka gina aka manta ba a kawo mata kogi ba. Ka tsayar da su a bakin ramin kwalta na gaban kanti, ka ce kada su yi surutu domin akwai kifi a ciki kuma ba ya son hayaniya. Ni da na san ramin nan tun yana ƙarami kamar kwano, wallahi sai da na leƙa ko zan ga kifin. Wace irin murya ce Allah Ya ba ka, da take sa rami ya yi kwarjini? Kurciya ma in ta ji ka sai ta yi shiru ta koyi wani abu.

Ina tsaye a taga ina shanya wanki lokacin da kuka shigo layinmu. Abubuwan nunawa sun ƙare maka, na ga kana waige-waige, gumi yana bin wuyanka. Sai ka ɗaga kai. Idonka ya faɗa cikin nawa kamar guga a rijiya, ni kuwa na sandare. Na so in gudu, ƙafa ta ƙi. Na so in sauke hannu, hannu ya ce shi ma ba ya nan. Haka na tsaya, hannuna ɗaya a sama riƙe da jiƙaƙƙiyar safar Baba, bakina a ɗan buɗe. Wata mata mai faffaɗar hula ta tambaye ka mene ne wancan. Sai ka ce da lasifika: "Wannan ita ce Mai Jiran Taga. Wani gwanin masassaƙi ne ya sassaƙa ta shekara ɗari da suka wuce. Abin da ke hannunta hankici ne, da shi ta yi wa masoyinta bankwana, har yau bai dawo ba."

Ya sanyin idona, ina zan iya motsi bayan wannan? In na motsa na ƙaryata ka a gaban mutane, kuma ga mahaifinka yana kallo daga cikin bas. Na tsaya har ruwan safar ya gangaro ta gwiwar hannuna ya shiga hannun riga. Da kuka wuce na faɗa kan gado na rufe kaina da filo, ban fito ba sai da aka kira ni cin abinci.

Washegari na ce ba zan ƙara zuwa kusa da tagar nan ba. Da na ji ƙarar bas, sai na tsinci kaina a wurin, da safar a hannu.

Tun daga ranar, kai ka sani, ban yi fashi ba. Amma ba ka san abin da dutse yake sha ba. Ƙuda ya taɓa zama a kan hancina tun daga farkon labarinka har ƙarshensa, ya wanke hannuwansa, ya wanke fuska, ya huta. Tattabara ta sauka a kaina, baƙi suka yi ta tafi. Na haɗiye atishawa mai girman da har yau ina jin tana yawo a cikina tana neman ƙofa. Wani dattijo mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, ya daɗe yana kallona, ya gaya wa sauran cewa irin wannan dutsen yanzu ba a samunsa, kuma hawayen da ke gangarowa raɓa ce da dutsen ya sha da asuba. Ba raɓa ba ce. Ban ƙifta ido ba ne, kuma kai ne a ƙasa.

A gida, da farko Gwaggo ta tayar da ƙura. Ta ce ita ba za a ce a gidan ƙaninta akwai gunki ba, in sauko ko ta sauko da ni da kunne. Shugaban kwamiti ya zo da kansa ya yi mata bayani cewa ba gunki ba ne, mutum-mutumi ne, ta ce to in dai haka ne a sa mini mayafi mai kyau kada a raina gidan. Baba kuwa, da ya ga baƙi suna shiga shago suna neman irin hankicin Mai Jiran Taga, sai ya ajiye ɗinkin riguna ya koma ɗinka hankici mai siffar safa. Keken ɗinkinsa ba ya hutawa. Kwamiti ya kafa allo a ƙasa an rubuta kada a taɓa, alhali ko raƙumin dawa sai ya yi ɗage kafin ya kai ni. Wani mutum ya zo daga gidan ajiye kayan tarihi yana so a ba su ni su saka a gilashi, Baba ya ce a'a, ba ta gama makaranta ba. Kowa a gidanmu yana yaba mini, wai yarinyar nan akwai son taimakon iyaye. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Wa zan gaya wa cewa ba don hankici nake tsayawa ba?

Abu ɗaya ne yake ci mini rai, kuma zan faɗa tunda takarda ba ta da ido. Akuyar nan da ke kwana a saman matacciyar tasi a ƙarshen layi, ka fi daɗewa a wurinta fiye da wurina. Na lura. Kana shafa mata kai, kana ce wa baƙi ita ce direba mafi haƙuri a gari. Me take da shi? Tana motsi, tana tauna leda, ko kunya ba ta ji. Ba na ƙin ta, amma in na ce ina sonta na yi ƙarya.

Yanzu ga abin da ya sa na jefo maka safa. An ɗauke ni a sakandaren kwana, mako mai zuwa zan tafi. Akwatina yana ƙarƙashin gado, Baba ya riga ya ɗinka mini kayan makaranta, ya yi su da girma wai don in tarar da su a gaba. Kwamiti ya zauna a kan maganar tafiyata, suka ce unguwa ba za ta rasa babban abin kallonta saboda karatu ba. Sai aka yanke cewa za a sa mutum-mutumin shagon Baba a madadina, wanda ake rataya wa riguna. Ba shi da kai, don haka aka karɓe ƙwallon Autanmu aka ɗora masa, aka naɗe da mayafina. Auta ya yi kuka har ya shiɗe, aka ce ya yi haƙuri, ƙwallonsa ta shiga tarihi.

Ranar Laraba aka gwada. Ka tuna Laraba? Ni aka sa na durƙusa a ƙarƙashin taga ina riƙe da ƙafar abin don kada iska ta kayar da shi. Ina riƙe da ƙafar wadda za ta gaje ni, da mayafina a kanta, da safata a hannunta! Na ji bas ta tsaya. Na ji ku a famfo, na ji ku a rami. Na ji takunku ya shigo layi, zuciyata tana dukan ƙirjina kamar tsuntsun da aka rufe a aji. Na ce a raina, yau in ya faɗi labarin nan yadda ya saba, in muryarsa ta yi taushi a wurin "har yau bai dawo ba" saboda ƙwallo mai faci, to shi ke nan, duk tsayuwar da na yi ƙwallo ma za ta iya.

Kuka tsaya. Lasifika ta yi ƙara kaɗan kamar za ta yi magana, sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har hannuna ya gaji, kan ƙwallon ya karkace. Sannan na ji muryarka, ba lasifika, can ƙasa-ƙasa: "Mu je ku ga akuya."

Ban taɓa jin daɗin sunan akuyar nan ba sai ranar.

Amma da yamma Baba ya ce ai batirin lasifikar yaron ne ya mutu, shi ya sa, gobe komai zai daidaita. Gwaggo ta ce ko batir bai mutu ba, duk wanda ya ga mutum da kan ƙwallo dole bakinsa ya mutu. Washegari aka mayar da ni taga kafin a gyara wa ƙwallon zama. Na gan ka da idona ka tsaya a kanti ka sayi sabon batir. Sai kuma da ka zo ƙarƙashin taga ka ɗaga kai, na ga lemar tana rawa a hannunka, ka fara labarin daga tsakiya, ka manta da masassaƙin gaba ɗaya. To amma ranar akwai ɗan iska. Ka ga halin da nake ciki? Batir yana gefe ɗaya, rawar lema tana gefe ɗaya, ni ina tsakiya ba na iya cin abinci.

Ya farin watana, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwa, kai ne ka ƙirƙiro labarin nan, ka san a ranar farko mutum ka gani. Amma ka faɗe shi sau da yawa, kuma ka iya faɗa, har ina tsoron kai ma ka yarda da shi. Shi ya sa nake tambayarka abu ɗaya tak, ba na neman alkawari, ba na neman kyauta: ranar Laraba, batir ne, ko ka gane ba ni ba ce?

Na san na ɓata maka aiki da na saki safar nan a gaban baƙi. Na yi tunanin wannan ma. Ka ce musu Mai Jiran Taga tana sakin hankicinta sau ɗaya a shekara ɗari, kuma su ne masu sa'ar gani. Za su yarda. Mutanen da suka yi wa famfo layi ba za su ba ka wahala ba.

Amsar kuma ba sai ka rubuta ba, ba sai ka yi mini magana ba, domin in ka yi mini magana zan iya sandarewa da gaske, a rasa mai tafiya makaranta. In batir ne, ka ba kowane yaro safar ya kawo shago, zan fahimta, zan tafi da akwatina, in bar ka da ƙwallo da akuya, Allah Ya ba ku zaman lafiya. In kuwa ka gane, ka kawo ta da kanka kafin in tafi. Ka rufe lemar, ka shiga shago, ka gaishe da Baba, ka ce ga safarsa. Zai yi murna, domin tun farkon hutu yake sa ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu, yana cewa sadaukarwa ce saboda unguwa. Ni ina bayan labulen da ke kusa da keken ɗinki. Ba zan fito ba. Amma in ka ga labulen yana motsi, ka sani ba iska ba ce.

Zan tafi in koyi lissafi da kimiyya da sunayen koguna na gaske, amma duk tagar da aka ba ni a can, ta wajen hanyar bas zan riƙa kallo. Zan riƙe ka a zuciya har agogon shataletale ya tashi, har famfo ya kawo ruwa, har kogi ya zo ya nemi gadarsa.

Taka, mai rai da numfashi,
wadda hannunta ya gaji amma zuciyarta ba ta gaji ba,
'Yar Tela ta saman bene.