Rawanin da Muka Ara wa Tanko

Zuwa ga Yaya Bukar.

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ba karatun ka iya ba, ni ma haka. Wani malami matafiyi ne ya sauka a zaurenmu, gobe zai wuce Damagaram, shi na sa ya riƙe alƙalami. Kada ka ce na faɗa wa wani sirrinmu. Da kai nake magana, shi hannu ne kawai.

Shekara goma sha tara ina haɗiye maganar nan, Yaya. Ka ɗaure mini baki, ka tafi da bakin igiyar.

Ka tuna shekarar da Nasara suka aiko kowane mai gari ya je Gumel a gan shi? Labari ya cika ƙasa, wai wanda ya je ba ya dawowa. Kai ne mai garin Rijiyar Dawa, mu ne 'ya'yan wanda ya sare dajin ya haƙa rijiyar. Ka ji tsoro. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa: ka ji tsoro. Sai muka ja Tanko masaƙi, baƙon nan daga Gagarawa wanda ko akuya ba shi da ita, muka fita da shi bayan gari. A gindin kuka muka sa masa rigarka, muka ɗora shi kan goɗiyarka, ya je ya gaida Bature a madadinka, kai kuma ka laɓe a rugar Fulani. Aron kwana uku muka yi nufi.

To wa ya gaya mana Nasara rubutawa suke yi? Mu a wajenmu sarauta tana bakin dattawa, ashe su tana cikin littafi. Aka tambayi Tanko sunansa, ya faɗa, aka rubuta. Ya dawo da dogari a bayansa yana shelar sabon mai gari. Jama'a suka ɗauka Sarki ne ya tuɓe ka. Kai kuwa ka kai ni gaban Liman, ka sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zan buɗe baki ba sai da izininka, don kada a ce mun yaudari Sarki da Bature. Liman ya rasu. Kai ka bi shi shekara shida da suka wuce, ina zaune a kanka, ina jiran ka ce na sake ka. Sai ka nemi ruwa, ka sha, ka juya ga bango.

Ga labarin gida. Tanko ya rasu bayan kaka. Ran Asabar wakilin hakimi zai zo gindin tsamiya, wai kowane mai gida ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna kamar tumaki a kasuwar Maigatari. Ka taɓa jin wannan? Ɗan da aka yi wa aure bara, kansa ɗaya, ni ma da furfurata kaina ɗaya.

Gari ya rabu. Masaƙa da baƙin da suka gudo daga arewa, ƙasar da Faransa ke mulki, suna bayan Habu ɗan Tanko. Tsofaffin gidaje suna bayan ɗanka Ali. Fulani sun karɓi goron wannan, sun karɓi na wancan, sun ce nasu mai garin shi ne wanda zai bar shanunsu su sha ruwa kafin rana ta take. Habu ya yanka rago biyu. Wa da ƙani ba sa gaisawa. Jiya mata suka yi dambe kan guga a bakin rijiyar ubanmu, har aka fasa wa surukarka tulu.

Amma abin da ke kashe mu, Yaya, baki ne. Mutanen Habu sun sa maroƙa suna yawo da kalangu, wai ɗan tuɓaɓɓe ba ya gadon rawani, wai Sarki ba ya tuɓe mutum banza. Gida huɗu sun bar mu saboda haka. Shekaranjiya Ali ya same ni ina gyaran darni, ya durƙusa, ya tambaye ni laifin da mahaifinsa ya yi aka tuɓe shi. Mutum mai 'ya'ya biyar, idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa ƙaya ta soke ni, na shige ɗaki. Ka ga abin da ka mai da ni?

To bari in faɗi nawa, tunda ba za ka iya katse ni ba. Shawarar tawa ce. Kai ka ce gara ka je ko me zai faru, ni na riƙe maka linzami. Ni na naɗa wa Tanko rawanin da hannuna, har na gyara masa zama kan sirdi ina dariya. Da aka yi ta yi maka kallon tuɓaɓɓe, ni ina cin tuwona, ban taɓa ce maka ka yafe ni ba. Kai ma ba ka taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun naka ya fi duka zafi.

Wata kuma, ko da yake tana mini ɗaci. A shekarar yunwa, da aka nemi 'yan dako goma Tanko ya rasa, shi dogarai suka shanya a rana tun hantsi har la'asar. Ranarka ce ya sha. Bai ambaci sunanka ba, bai ambaci nawa ba. Ko ɗansa bai gaya wa ba, ga alama. To rawanin nan yanzu na wa ne? Na wanda ubansa ya haƙa rijiya, ko na wanda ya ƙone a ƙarƙashinsa? Ni dai na ce namu ne, kuma ba na sakewa.

Malamin nan ya ɗaga kai ya ce rantsuwa tana da kaffara, in ciyar da mabuƙata goma in huta. Da shi na yi alkawari? Da kai na yi. Kuma in na miƙe gindin tsamiya na faɗa, na wanke sunanka daga tuɓewa, na shafa masa tsoro da yaudara, wataƙila a tasa ƙeyata zuwa Gumel. In na yi shiru, Ali zai sha kaye, ya mutu yana zaton ubansa ɓarawo ne ko azzalumi. Wanne kake so wa ɗanka?

Saura kwana huɗu. Zan kai takardar nan in tusa ta a gindin tumfafiyar da ta fito wajen kanka. Liman ba ya magana, Tanko ba ya magana, kai ne babba. Ka zo mini a mafarki, ko ka aiko, ko ta yaya kuke yi a can. In faɗa ko in yi shiru? Na ba ka shekara goma sha tara, ka ba ni kalma ɗaya. Yaya, ka amsa mini!

Allah Ya jiƙan ka, Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka Mati, wanda ya naɗa rawanin.